Ƙullutu a wuya: yaushe ake barinsa, yaushe ake aiki? Tambayoyi da amsoshi

Duk wanda aka miƙa wa takardar sikanin aka ce masa an ga ƙullutu a wuyansa, tambayoyinsa kusan iri ɗaya ne da na wanda ya zo kafin shi. Wasu a gaban likita suke yin su, da yawa kuma sai an fito baranda, ko sai an koma gida dare ya raba, barci ya ƙi zuwa. Na tattara waɗanda suka fi maimaituwa, na faro daga masu sauƙi zuwa masu zurfi. Abin da ya sa na damu da batun shi ne na ga mutanen da tsoro ya tura su ga aikin da ba sa bukata, na kuma ga waɗanda tsoron wuƙa ya zaunar da su a gida har abin ya fi ƙarfinsu. Dukansu ba su sami wanda zai zaunar da su ya bayyana musu yadda ake auna haɗarin daki-daki ba. Wannan shafi dai ba zai tsaya a madadin likitan da ya taɓa wuyanka da hannunsa ba.

Mece ce tairod, kuma me ake nufi da ƙullutu a cikinta?

Tairod wata 'yar tsoka ce a gaban wuya, ƙasa da zakaran wuya kaɗan, ta rungume maƙogwaro. Siffarta kamar malam-buɗe-littafi: ɓari ɗaya a dama, ɗaya a hagu, da siririyar gada a tsakani. Aikinta haɗa sinadarin da ke daidaita saurin tafiyar jiki, tun daga bugun zuciya da ɗumin jiki har narkar da abinci da al'adar mata. Da aidin take haɗa wannan sinadari, kuma daga abinci take samunsa.

Ƙullutu shi ne wani gurbi a cikinta da ya yi girma daban da sauran. Wani ruwa ne zalla a ciki, wani tsoka ce, wani gauraye. In kana son ganin naka, tsaya gaban madubi, ɗaga haɓa, ka kurɓi ruwa. Abin da yake na tairod zai hau sama ya sauko tare da haɗiya.

Shi ne maƙoƙo ke nan?

Maƙoƙo sunan da muke ba duk tairod da ta kumbura har ta fito fili, ko da ƙullutu ɗaya ne a ciki, ko goma, ko babu ko ɗaya. Babban sanadinsa a duniya ƙarancin aidin ne, shi ya sa tun farkon shekarun 1990 aka wajabta sa aidin a gishirin ci a Nijeriya. Rogon da ba a jiƙa shi ya tsumu sosai ba yana hana tairod ɗaukar aidin, an kuma ga alaƙa tsakanin yawan dogaro da gero da maƙoƙo a binciken da aka yi a yankin Darfur na Sudan. Ban ce kowa ya daina fura ko kunu ba. Gero yana zama matsala ne inda aidin ya riga ya yi ƙaranci, don haka gishiri mai aidin, a rufe cikin mazubi ba a shanye a rana ba, shi ne abin kula.

Mai ƙullutai da yawa kada ya ce tunda suna da yawa ai maƙoƙo ne kawai. Haɗarin kansa a wurinsa bai kasa na mai ƙullutu ɗaya ba, kuma kowanne ana dubansa da kansa a sikanin.

An ce ina da ƙullutu. Kansa ce?

Mafi rinjaye a'a. Da hannu ana jin ƙullutu a wuyan kamar mutum 5 cikin 100, amma in aka ɗora na'urar sikanin, sai a same shi a wuyan kusan rabin manya, musamman mata da waɗanda suka manyanta. A cikin waɗanda aka bincika, kamar kashi 7 zuwa 15 cikin 100 ne ke zama kansa. Wato in ka tara mutum goma masu ƙullutu, wajen tara babu abin da ke wuyansu sai tsoka mai zaman lafiya.

Duk wahalar binciken da za a sa ka, ta neman wannan ɗaya ce ba tare da an yanka sauran taran ba. Matakan uku ne, kuma kowanne yana rage yawan waɗanda ake zargi: gwajin jini, sikanin, sai allurar ɗebo ƙwayoyi, wato a ɗebo ɗan nama daga cikin ƙullutun da allura a duba. Kowanne yana da tambayarsa a ƙasa.

Waɗanne alamu ne ke tayar wa likita da hankali tun kafin gwaji?

Ƙullutu mai tauri kamar dutse, wanda ya manne ba ya motsi da haɗiya. Ƙullutun da ya yi girma a cikin 'yan makonni. Murya ta dishe ta ƙi komawa, babu mura babu tari. Kaluluwa a gefen wuya, mai tauri, marar zafi, wadda ta ƙi sacewa. Wahalar haɗiya ko numfashi. Duk wanda ke da ɗaya daga cikin waɗannan bai kamata ya jira ranar da aka ba shi nan da wata shida ba.

Akwai kuma abin da tarihin mutum ke faɗa. Ƙullutu a wuyan yaro ko matashi ɗan ƙasa da shekara 20 ya fi na babba haɗari, kusan ɗaya cikin huɗu yakan zama kansa. Maza ba su cika yin ƙullutu kamar mata ba, amma in sun yi an fi sa masa ido. Sai wanda aka taɓa yi wa gashi, wato magani da hasken rediyeshin irin na nukiliya, a kai ko wuya yana ƙarami. Duniya ta ga wannan ƙarara bayan fashewar tashar nukiliya ta Chernobyl a 1986, inda kansar tairod ta yawaita cikin yaran Yukiren da Belarus da wani yanki na Rasha. Haka nan wanda uwa, uba ko ɗan'uwansa na jini ya yi kansar tairod, ya faɗa wa likita ko ba a tambaye shi ba. Zafi kuwa ba ma'auni ba ne. Yawancin kansar tairod ba ta ciwo, kuma ƙullutun da ya kumbura dare ɗaya da zafi sau da yawa jini ne ya zuba a cikin mai ruwa.

Ni wuyana ke damuna, me ya sa aka fara tura ni gwajin jini?

Gwajin da za ka ga an rubuta TSH yana nuna ko tairod na aiki daidai, ko ta yi sanyi, ko ta wuce gona da iri. In TSH ya yi ƙasa, mai yiwuwa ƙullutun ne da kansa ke zuba sinadari ba ƙaƙƙautawa, kuma mai irin wannan yakan yi fama da faɗuwar gaba, rama duk da yana ci, yawan zufa da rawar hannu. A nan akan nemi wani hoto na daban da ake yi da ɗan sinadarin nukiliya, irin wanda ake samu a Asibitin Ƙasa na Abuja da Asibitin Koyarwa na Ibadan. Ƙullutun da ya fito "mai zafi" a wannan hoto da wuya ya zama kansa, don haka ba a cika bukatar allura ba, sai a koma kan maganin yawan aikinsa.

Amma a kula: TSH ya fito daidai ba ya wanke ƙullutu. Yawancin masu kansar tairod gwajin jininsu lafiya lau yake.

Me ake dubawa a sikanin, kuma mene ne TR3, TR4, TR5 da na gani a takardata?

Wannan shi ne ginshiƙin binciken, kuma ingancinsa yana hannun wanda ya riƙe na'urar. Abu biyar yake dubawa: ruwa ne ko tsoka, launinsa ya fi sauran tairod duhu ko a'a, siffarsa a kwance take ko a tsaye, gefensa sumul yake ko ya yi zaƙo-zaƙo, sannan akwai ɗigo-ɗigon fari kamar ɓarɓashin gishiri a ciki ko babu. Ƙullutu mai ruwa zalla, ko mai kama da soso, kusan a ce ba ya zama kansa. Mai duhu sosai, wanda tsayinsa ya fi faɗinsa, mai gefe a yage da ɗigon fari, shi ne abin zargi.

A 2017 ƙungiyar likitocin hoto ta Amurka ta fito da tsarin ba waɗannan siffofi maki, ana kiransa TI-RADS. TR1 da TR2 haɗarinsu bai kai kashi 2 cikin 100 ba, ba a yi musu allura. TR3 kamar kashi 5 ne, ana yi masa allura in ya kai santimita 2.5. TR4 yana tsakanin kashi 5 zuwa 20, allura daga santimita 1.5. TR5 ya haura kashi 20, allura daga santimita 1. Don a kwatanta, santimita 1 kamar ƙwayar gyaɗa ce, 4 kuwa kamar goro babba. Turai da Koriya ta Kudu suna da nasu tsarin mai kama da wannan, a Ingila kuma za ka ga U1 zuwa U5.

Abin da ke ci min tuwo a ƙwarya shi ne takardar da za a rubuta layi ɗaya kawai, "an ga ƙullutu a ɓarin dama", babu girma, babu siffa, babu maganar kaluluwa. Da irin wannan takarda ba a yanke shawarar aiki. In ita aka ba ka, nemi a sake hoton a wurin likitan da ya saba duba wuya, kuma ka roƙi a duba kaluluwar gefen wuya duka biyu.

Ƙullutuna ƙarami ne, an ce a bar shi. Ba gara a bincika komai ba?

Koriya ta Kudu ta gwada wannan hanya. Daga ƙarshen shekarun 1990 asibitoci suka riƙa yi wa masu lafiya sikanin wuya a kan kuɗi kaɗan. Tsakanin 1993 da 2011 adadin waɗanda aka ce suna da kansar tairod ya ninka sau 15, aka yi wa dubban mutane aiki, amma adadin masu mutuwa da ciwon bai motsa ba. Abin da aka riƙa tonowa ƙananan kansa ne da mutum zai rayu ya tsufa ya mutu da su ba su taɓa damunsa ba. Wasu kuwa sun fito daga aikin da lalatacciyar murya ko shan magani har ƙarshen rayuwa.

Daga irin wannan darasi ne aka sa iyakar girma da aka ambata a tambayar sikanin. "A bar shi" kuma yana tafe da sharaɗi: a dawo a sake hoto a lokacin da aka ɗiba.

Yaya ake allurar ɗebo ƙwayoyi? Na ji an ce tana tayar da kansa ta bazu.

Za a kwantar da kai rigingine, a sa matashi ƙarƙashin kafaɗa don wuya ya miƙe. A goge wurin, a ɗora na'urar sikanin, likita yana kallon allo yana shigar da allura wadda ta fi ta ɗiban jini siranta. Zai ce kada ka haɗiyi yawu, kada ka yi magana na 'yan daƙiƙu. Yakan shiga sau biyu zuwa huɗu, ya shafa abin da ya ɗebo a kan gilashi, a kai wa likitan ɗakin gwaji. Duka bai fi minti ashirin ba, ka tashi da 'yar filasta ka koma gida da ƙafarka. In kana shan maganin tsinka jini, faɗa tun kafin ranar.

Maganar bazuwa kuwa, shekaru da dama ana wannan allura a duniya, kuma yaɗuwar kansa ta hanyarta abu ne mai matuƙar wuyar faruwa, bai kai ya hana mutum yi ba. Ita ce ma ta rage yawan yanka mutane a banza, domin kafin ta yaɗu, hanyar sanin gaskiyar ƙullutu ɗaya ce, a cire shi.

Sakamakon ya fito da "Bethesda" da wata lamba. Me take nufi?

Bethesda gari ne a jihar Maryland ta Amurka, inda masana suka taru a 2007 suka tsara harshe ɗaya na rubuta sakamakon allurar. An sabunta tsarin a 2017 da 2023, kuma hawa shida ne. Hawa na I: ƙwayoyin da aka ɗebo ba su isa a ce komai ba, sai a sake. Na II: ba kansa ba ce, kuma yawancin sakamako nan yake faɗawa, kuskure a nan kamar kashi 4 ne cikin 100. Na III: an ga 'yan canje-canjen da ba a tantance ba, haɗari wajen kashi 22. Na IV: ƙari ne na wani nau'i da ake kira folikula, haɗari wajen kashi 30. Na V: ana zargin kansa sosai, wajen kashi 74. Na VI: kansa ce, tabbas ɗin ya kai kashi 97 ko fiye.

Kada a ruɗe, wannan lamba ba matakin kansa ba ce. Na taɓa ganin wata baiwar Allah zaune a benci tana hawaye, takarda a hannu, ta ga IV ta ɗauka ciwonta ya kai mataki na huɗu, har ta fara yi wa 'yarta wasiyya. Alhali abin da takardar ke cewa shi ne, cikin mata goma masu irin sakamakonta, wajen bakwai ba su da kansa ko kaɗan.

Nawa ya fito III ko IV. Me ya sa allurar ta kasa faɗin gaskiya?

Nan ne shawara ta fi wuya. Ƙarin folikula mai lafiya da mai kansa, ƙwayoyinsu kama ɗaya suke yi a idon mai dubawa. Abin da ke raba su shi ne ko ƙarin ya huda fatar da ta lulluɓe shi, ko ya kutsa cikin jijiyar jini. Allura daga tsakiya take ɗebowa, ba ta ganin bango. Sai an ciro ƙullutun ɗungurungum an yayyanka shi siri-siri an bi gefensa kaf.

Don haka a hawa na III akan sake allurar bayan wani lokaci, kuma da yawa sukan dawo II. In ya sake fitowa III, sai a haɗa da hoton sikanin: mai siffar TR3 ana iya sa masa ido, mai siffar TR5 an fi karkata ga aiki. A hawa na IV abin da aka saba shi ne cire ɓarin da ƙullutun yake, aikin ya zama bincike kuma magani lokaci guda. A Amurka akwai gwaje-gwajen ƙwayoyin gado irin su Afirma da ThyroSeq da ke taimakawa a kauce wa aikin, sai dai suna da tsada ƙwarai, kuma yawancin asibitocinmu ba su da su. Abin da ke hannunmu, mai araha kuma mai amfani, shi ne a kai gilasan wurin wani likitan ɗakin gwaji na biyu, a asibitin koyarwa, ya sake dubawa. Sau da dama ido na biyu yakan sauya hawan.

An ce II ne, ba kansa ba. Shi ke nan na huta?

Kusan haka ne, amma a sake sikanin bayan shekara ɗaya zuwa biyu, ko da wuri in hoton farko yana da siffar zargi. Girma kaɗan-kaɗan ba abin tsoro ba ne. Abin da likitoci ke kira girma na gaske shi ne ƙaruwar kashi 20 cikin 100 ta fuska biyu, ko rabin jimillar girmansa. Nan akan sake allura.

Ƙullutu marar kansa ma yakan kai ga aiki: in yana danne maƙogwaro har mutum ba ya iya kwanciya rigingine, in ya gangara cikin ƙirji, in yana zuba sinadari fiye da kima, ko ya haura santimita 4 yana ta ƙaruwa. Wadda maƙoƙo ya sa ta daina shiga taro, kullum mayafi naɗe har haɓa, ita ma tana da hujjar neman aiki, kuma bai kamata a raina wannan dalili ba. A wasu ƙasashe kamar Koriya ta Kudu da Italiya ana ƙona irin wannan ƙullutu da allura mai zafi ta na'ura ya motse ba tare da yanka ba.

In kansa ce, iri ɗaya ce duka?

Iri huɗu ne manya. Fafilari ta fi yawa, kamar kashi 80 zuwa 85 cikin 100, tana tafiya a hankali, ta fi bin kaluluwa, kuma mafi yawan masu ita suna warkewa su ci gaba da rayuwarsu. Folikula ke biye, ita ta fi bin jini zuwa ƙashi ko huhu, kuma kasonta ya fi yawa a wuraren da aka daɗe ana ƙarancin aidin, ciki har da sassa da dama na Afirka. Wannan ya sa sakamakon hawa na IV a wurinmu ba abin wasa da shi ba ne.

Medulari ba ta da yawa, amma kusan kashi ɗaya cikin huɗu nata gado ne, don haka akan gwada sinadarin kalsitonin a jini, a kuma bincika 'ya'ya da 'yan'uwa. Anafilastik ita ce mafi muni kuma mafi ƙaranci, ta fi kama tsofaffi, sau da yawa a cikin maƙoƙon da ya shekara ashirin ko talatin a zaune, sai ya tashi girma cikin makonni. Tsohuwar da maƙoƙonta ya sauya hali kwatsam, a kai ta asibiti a makon, kada a jira.

Rabi za a cire ko duka?

A da, da an ce kansa sai a kwashe tairod gaba ɗaya. Ƙa'idojin ƙungiyar likitocin tairod ta Amurka na 2015 sun sassauta: kansar da ba ta wuce santimita 4 ba, tana ɓari ɗaya, ba ta fita daga tairod ba, ba ta taɓa kaluluwa ba, cire rabi yana iya wadatarwa. Ana cire duka in ta haura santimita 4, ko ta huda zuwa maƙwabta, ko ta kai kaluluwa ko wani sashe na jiki, ko akwai abin zargi a ɗaya ɓarin, ko an taɓa yi wa mutum gashi a wuya, ko kuma medulari ce.

Ribar rabi ita ce haɗarin aikin ya ragu, kuma kamar mutum huɗu cikin biyar ba sa bukatar magani bayansa. Ribar duka ita ce tana buɗe ƙofar maganin aidin mai nukiliya, wanda ake sha ya kashe ragowar ƙwayoyin tairod da na kansar, kuma bibiyar ciwon da gwajin jini ta fi sauƙi. Ni a ganina akwai abin da ya kamata a sa a ma'auni wanda littattafan waje ba su cika ambata ba: wanda ke ƙauye mai nisa, wanda sayen magani kowane wata zai gagare shi wani lokaci, cire masa tairod duka ba ƙaramin nauyi ba ne aka ɗora masa. A faɗa wa likita halin da ake ciki ba kunya. Duba kuma tambayar shan magani a ƙasa.

Da gaske ana iya barin kansa ba a yi aiki ba?

Ana yi, a ƙunƙuntaccen yanayi. A 1993 Dakta Akira Miyauchi na wani asibiti mai suna Kuma da ke birnin Kobe a Japan ya fara ba masu ƙaramar fafilari, wadda ba ta wuce santimita 1 ba, zaɓin sa ido maimakon aiki. Bayan shekara 10, kamar kashi 8 cikin 100 ne tasu ta ƙaru da milimita 3 ko fiye, ƙasa da kashi 4 kuma ta kai kaluluwa. Waɗannan aka yi musu aiki daga baya, kuma jinkirin bai jawo musu mutuwa ba.

Sharuɗɗan suna da tsauri. Ƙarin ya kasance nesa da maƙogwaro da jijiyar murya, babu kaluluwa, kuma mutum zai iya dawowa sikanin mai inganci duk wata shida da farko, sannan duk shekara. Tsofaffi sun fi dacewa da wannan hanya, domin tasu ta fi jinkirin girma. Wanda ya san in ya tafi ba zai dawo ba sai ciwo ya kayar da shi, aiki ya fi masa.

Mene ne haɗarin aikin? Zan rasa muryata?

Jijiyar da ke motsa murya tana bi ta bayan tairod daf da ita, siririya kamar zare. Dishewar 'yan makonni ba baƙon abu ba ne, amma lalacewa ta dindindin a hannun gwani kamar kashi 1 ce cikin 100. Malami, mai wa'azi, ladan, mawaƙi, duk wanda murya ce jarinsa, ya faɗa tun farko, kuma yana da kyau a leƙa maƙogwaro da na'ura kafin aiki a ga yadda igiyoyin murya ke motsi. Na biyu, akwai wasu 'yan ƙwayoyi huɗu, kowacce kamar ƙwayar shinkafa, manne a bayan tairod, su ke daidaita kalsiyam a jini. In an cire tairod duka sukan firgita su yi sanyi na ɗan lokaci, mutum ya ji yam-yam a leɓe da yatsu ko hannu ya ɗaure. A gaya wa ma'aikatan jinya nan take. Kaɗan ne ke zama da wannan har abada. Na uku shi ne zubar jini a cikin wuya a daren farko, dalilin da ya sa ake kwana a asibiti. Masu jikin da tabo ke tashi ya yi tudu su ma su sanar.

Wannan aiki a ƙarni na 19 kisa yake yi, har sai da Theodor Kocher na birnin Bern a Suwizalan ya gyara shi, aka ba shi kyautar Nobel a 1909. Abin da ya koyar bai tsufa ba: hannun da ya saba shi ne kariya. Bincike a Amurka ya nuna likitan da ke yin fiye da 25 a shekara ya fi samun ƙarancin matsala. Tambayar likita sau nawa yake wannan aiki ba rashin kunya ba ce, a dai yi ta da ladabi.

Zan sha magani har abada? Yaya zan yi da azumi?

Wanda aka cire wa duka, e, ƙwaya ɗaya ta levothyroxine kullum. Ita ce madadin sinadarin da tairod ke haɗawa, ba ta hana haihuwa, ba ta hana aiki. Ana shan ta da ruwa zalla, ciki babu komai, a jira minti 30 zuwa 60 kafin karyawa, a kuma raba ta da ƙwayar kalsiyam ko ta ƙarin jini da awa huɗu. Bayan mako shida zuwa takwas a gwada TSH a daidaita adadin. A ajiye ta inda zafi ba ya kai mata.

A watan Ramadan wasu sukan tashi da wuri su sha kafin sahur da rabin awa ko fiye, wasu kuma su sha lokacin kwanciya in an sami awa uku bayan cin abinci na ƙarshe. A zaɓi ɗaya a tsaya a kai.

Ina da juna biyu aka gano ƙullutun. Me zan yi?

Kwantar da hankalinki. Sikanin da allurar ɗebo ƙwayoyi duka ba sa cutar da ciki. Abin da aka hana shi ne hoton nukiliya da maganin aidin mai nukiliya, a lokacin ciki da lokacin shayarwa. Ko an tabbatar fafilari ce, galibi akan jira ki haihu, domin jinkirin 'yan watanni bai cika sauya sakamako ba. In tana girma da sauri ko ta kai kaluluwa, watanni uku na tsakiya su ne lokacin da ya fi aminci a yi aiki. Wadda aka ba maganin aidin mai nukiliya kuma ta jinkirta ɗaukar ciki wata 6 zuwa 12.

A gida an ce a yi min sakiya ko a shafa magani ya fashe. In gwada kafin asibiti?

Don Allah kada a yi. Maƙoƙo ba maruru ba ne, babu mugunyar da za ta fito. Tairod tana cikin sassan jiki mafi yawan jini, kuma manyan jijiyoyin da ke kai jini ƙwaƙwalwa suna gefenta. Sakiya, tsaga ko ƙaho a wannan wuri na iya jawo zubar jinin da ba a iya tsayarwa, ko ƙwayar cuta ta shiga. Ko an tsira, tabon da ya bari a ciki yana manne tsoka da tsoka, ya sa aikin da zai zo daga baya ya fi wuya, jijiyar murya ta fi shiga haɗari. Addu'a kuwa ba ta hana zuwa sikanin, a haɗa su.

An gama aiki. Me ya rage?

Sakamakon naman da aka cire. Wannan takarda ita ce alƙali na ƙarshe, ta fi sikanin da allura ƙarfi, amma mutane da yawa da zarar an cire zare sai su tafi ba su karɓe ta ba. Tun kafin aiki ka tabbatar za a kai naman ɗakin gwaji, ka san inda aka kai shi da ranar karɓa. In rabi aka cire sakamako ya nuna ba kansa ba ce, magana ta ƙare sai gwajin TSH. In ya nuna folikula da ta kutsa jijiyoyin jini sosai, ko wata siffa mai haɗari, ana iya komawa a cire ɗaya ɓarin, wataƙila a biyo da maganin aidin mai nukiliya. Akwai kuma wani nau'i da za ka ga an rubuta NIFTP, wanda a 2016 aka cire shi daga jerin kansa, cire rabi ya ishe shi.

Wanda aka tabbatar yana da fafilari ko folikula zai riƙa gwajin jini mai suna tairogulobulin da sikanin wuya lokaci-lokaci na tsawon shekaru, domin fafilari takan dawo a kaluluwa ko bayan shekara goma, kuma in an kama ta da wuri ana magance ta. Ka sami jaka ɗaya ka tara komai a ciki: hotunan sikanin, sakamakon allura, takardar aiki, sakamakon nama da duk gwajin jini da kwanan watansa. Ka ɗauki hotonsu a waya, ka tura wa wani ɗan'uwa ya ajiye maka kwafi, ka riƙa zuwa da jakar duk ranar ganin likita.